Kunama Mai Farin Ɗigo

Gidan da na yi aure gidan 'yan'uwan kunama ne. Haka ake ce musu a unguwarmu a Damagaram, su ma haka suke ce wa kansu, kuma ba da wasa ba. Ba sa kashe kunama, ba sa bari a kashe ta a gabansu, ita kuma, in ji su, ba ta cutar da su. Na sha ganin mijina ya zura hannu ƙarƙashin turmi ya ɗauko ta a tafinsa, ya kai ta bayan danga ya ajiye yana yi mata faɗa kamar 'yar maƙwabta. In ta harbe shi, don takan harbe shi jefi-jefi, sai ya tsotsi wurin ya ce cinnaka ma ya fi ta zafi. Ni kuwa a gidanmu da muciya ake bin kunama. Ranar da na kashe wata a ɗakina ina amarya, surukata ta yini ba ta amsa gaisuwata ba.

Ita ce daga baya ta zaunar da ni ta gaya mini yadda zumuncin yake. Duk jaririn da aka haifa a gidan, ranar da uwarsa ta yi arba'in, sai a kamo kunama mai rai da ƙarinta. Uwar ta tatsa mata ɗigon nono a gadon baya, sun sha nono ɗaya ke nan ita da jaririn. Sannan a ɗora ta a cikin jaririn, ta yi tafiyarta har ta sauka da kanta, a kai ta waje a saki. Suna kiran wannan gaisuwa. Na ji, na ce to, don a lokacin ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, abin ya yi mini nisa.

Bayan Faransawa sun bar mulkin Aljeriya da 'yan shekaru muka hau kamyo, wato babbar motar kaya, zuwa Tamanrasset. Wan mijina, wanda dukanmu muke kira Yaya, ya daɗe a can yana da rumfa a kasuwa, yana sayar da lalle da citta da barkono da turamen atamfa. Ya kira ƙanensa don ya taya shi. Sai dai mijina ba ɗan kasuwa ba ne. In tsohuwa ta tsaya tana juya citta a hannu tana tsaki, sai ya ƙara mata ya ce ta tafi. Yaya ya yi faɗa har ya gaji. Mutum ne dogo mai ƙarancin dariya, wanda ya ɗauki duk al'adun gidansu ya ƙulle a ransa tun da ya bar gida, yana tsaronsu fiye da yadda mutanen gida suke yi.

Ina da ƙaramin ciki, na fari, lokacin da wata Balarabiya ta zo garin daga can bakin teku. An ba ta ɗaki a bayan gidan likita. Mutane suna ce mata tabiba, wato likita, ko da yake ba ta duba marasa lafiya. Ita kunama take nema, masu rai, da yawa. Labari ya kai kasuwa, aka nuna mata mijina. Abin da ya fara tambayarta shi ne ko kashe su za ta yi. Ta ce a'a. Ta ce waɗanda suka riga ta a wannan aiki yanke ƙarin suke yi su busar su daka, amma dafin da aka samu ta haka a gauraye yake da nama da ƙazanta. Ita tatsa take so ta yi, dafi zalla, in ta gama da su ya mayar da su inda ya ɗauko. Da haka ya yarda. Ya ce wa Yaya aron su ya ba ta, ba sayarwa ba. Yaya bai hana ba, don ya fi son ƙanen nasa ya yi nisa da citta.

Da asuba mijina yakan bi masu jakuna zuwa wajen lambunan Utul da ke bayan gari, yana juya duwatsu kafin rana ta yi zafi, ya dawo da gwangwanaye a cikin buhu. Tabiba ta ba shi dogon hantsaki na ƙarfe, ta ce kada ya ƙara kama su da hannu. Ya karɓa da godiya, ya kawo gida, ya mayar da shi abin ɗaukar garwashin shayi. Ya ce bai taɓa samun wanda ya yi masa daidai kamarsa ba.

Ni kuma ta hanyar kai masa abinci na shiga aikin. Wata rana na tarar tabiba tana wanke kwalabe da kanta, tana wankin irin na wanda bai taɓa wanke tukunya ba. Na karɓa na yi. Washegari ta aiko a tambayi mijina ko zai bar ni. Ya bari, tunda mace ce kuma shi ma yana wurin. Larabcina na kasuwa ne, ita kuma Hausarta ba ta wuce sannu ba, amma da hannu da ido muka riƙa fahimtar juna, inda ya gagara mijina ya fassara.

Ɗakin yana warin kananzir, saboda firjin da ke ciki da shi yake aiki. Gefe ɗaya gwangwanayen kunamu ne, kowace da yashinta. Ɗaya gefen kejin fararen ɓeraye ne da aka kawo mata a jirgin sama. Na yi mamakin ɓeran da ake ba burodi ana share masa ɗaki, har na ce wa mijina a wannan ɗaki duk abin da muke bi da muciya shi ne mai gata. Yadda take tatsar kuwa, takan riƙe wutsiyar da hantsaki, ta taɓa gindin ƙarin da bakin wata waya da ta fito daga batir. Kunamar ta ɗan zabura, sai ɗigo ya fito a tsinin ƙarin, da fari garau kamar hawaye, daga baya fari-fari. Ta tare shi a ɗan ƙoƙon gilashi. Duk wadda aka tatsa sai a ɗiga mata farin fenti a baya, don a san ba ta da komai sai ta huta ta sake tarawa. Dafin kuma a busar da shi ya zama ɗan gari, wanda aikin yini guda bai cika bakin farce ba.

Abin da ya kawo ta, ta ce, shi ne dafi ba abu ɗaya ba ne. Taron abubuwa ne, tana ce musu furotin, wasu manya wasu ƙanana, kuma ba dukansu ke kisa ba. So take ta ware masu kisan su kaɗai, a san su, sannan a yi maganinsu da kyau. Tana da wani bututun gilashi da ya fi hannuna tsawo, a tsaye a kusurwar da ta fi sanyi, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, an cika shi da wani farin abu kamar gasara. Sai ta narkar da garin dafin ta zuba a sama, ta bi shi da ruwan gishiri, ya riƙa sauka yana ɗiga ta ƙasa. Na ce mata ashe tankaɗe take yi. Ta yi dariya ta ce haka ne, amma rariyarta a juye take: manya ne ke fara fita, ƙanana su tsaya leƙa ramuka su fito a baya. Aikina shi ne in zauna a kan kujera 'yar tsugunne da jerin 'yan kwalabe, in ɗaya ta cika zuwa zanen da aka yi mata in janye in sa wata. Haka nake yini, cikina yana girma, ina kallon ɗigo. Duk kwalaben a idona ruwa ne kawai, wanda mai ƙishirwa zai iya kurɓa.

Ɓerayen ne ke faɗin abin da ke cikin kowace. Ranar da na fara gani ban ci abincin rana ba. Ta ɗibi kaɗan daga kowace kwalba ta yi wa ɓera guda allura. Na kwalaben farko suka ci gaba da cin burodinsu. Da aka zo kan wasu kwalabe na can baya, waɗanda ni da hannuna na janye ina hamma, sai ɓeran ya fara rawar jiki, gashinsa ya miƙe, yawu yana zuba, yana buɗe baki yana neman iska. Kafin in gama ɗauraye abin da ke hannuna ya miƙe ƙafa. Tabiba ta nuna kwalbar da yatsa, fuskarta cike da murna, don abin da ta baro garinsu take nema ke nan. Ni kuwa hannuna ya kai kan cikina ban sani ba.

Bayan kwana biyu, da mijina ya fita, na tattara Larabcina na tambaye ta: in jariri ne fa? Ba ta amsa da baki ba. Ta ɗauko ɓera babba da ƙarami ta ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya, ta nuna mini cewa abin da babban zai sha wuya ya tashi, shi zai kashe ƙaramin. Sannan ta tambaye ni dalilin tambayar. Na kwatanta mata gaisuwa da hannu: nono, kunama, cikin jariri. Murnar ta gushe daga fuskarta. Ta ce ita ba ta san kunamar ƙasarmu ba, kuma ba za ta ce mijina ƙarya yake yi ba, ta ga yadda yake riƙe su. Wataƙila tamu wata iri ce mai sauƙin dafi. Amma ta nan ta san ta, kuma duk lokacin zafi ana kawo yara daga lambuna zuwa gidan likitan nan, wasu ba sa komawa.

Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini. Ga shi abin da ke cikina ɗan fari ne, kuma mace mai kunya ba ta nuna damuwa da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban surukai, in yana kuka ma sai ta kau da kai har wani ya miƙo mata shi. Haka aka tarbiyyantar da ni, kuma da ina gida da uwata ce za ta yi wannan yaƙi a madadina. A Tamanrasset ba ni da uwa ba ni da inna. Na yi ta juya maganar har wata rana da la'asar, yana hura wutar shayi, na daure.

Na ce, “Malam, zumuncin nan na gidanku, da kunamar ina anka yi shi?”

Ya ɗago ya dube ni. “Wace irin tambaya ce wagga? Kunama ai kunama ce.”

“Buzun nan ma mutum ne, amma ba shi jin in an gaishe shi da Hausa. Wa ya ce ta nan ta san da zancenku?”

Ya yi dariya, ya ce zama da ɓeraye ya sa mini tsoro. Ya miƙo mini hannuwansa biyu ya ce in duba, tun zuwanmu yake kama su, ko sau ɗaya ba su taɓa shi ba. Na ce na gani. Na ce amma shi ƙato ne, kuma na ga abin da sikeli ya nuna. Sai dariyar ta tsaya. Ya ce shi an yi masa, an yi wa ubansa, an yi wa Yaya, kuma ba zai zama na farkon da zai bar ɗansa a waje kamar bare ba. Ya ce in ba a yi ba, da wane ido zai dubi Yaya. Na yi fushi, na tashi na shiga ɗaki na bar masa shayinsa. Ina jin haushinsa, kuma ina tausayinsa, don na san bai mallaki komai a garin nan ba sai wannan abu guda. A rumfa shi ne ƙanen da bai iya ciniki ba. A gaban dutse kuwa, har Buzaye tsayawa suke su kalle shi.

Na haihu a tsakiyar zafi, mace. Wata maƙwabciyarmu 'yar Agadas ce ta yi mini wankan jego da ɗan itacen da ake samu. Na daina zuwa ɗakin tabiba. Kowace mai jego tana ɗokin arba'in ta fita, ni kuwa kowace safiya in na farka sai gabana ya faɗi. Yaya yakan leƙo ya yi barka daga bakin ƙofa, ya ce wa ƙanensa ya ga wata babba a bayan rumfa, baƙa mai kaurin wutsiya, ya hana yara su taɓa ta, ya ajiye ta don ranar. Ina ciki ina jinsu, jaririya tana bakin nono, hawaye na zuba a kanta ina sharewa da gefen zane.

Ana saura kamar mako guda, mijina ya dawo daga Utul tun kafin azahar, ba buhu. Ya shigo yana tangaɗi, rigarsa sharkaf da gumi, ya zube a tabarma. Ya ce zazzaɓi ne. Na lura hannunsa na dama yana cikin riga bai fito da shi ba. Yawu na taruwa a bakinsa yana tofarwa, haƙoransa na haɗuwa, tsokar fuskarsa na rawa ita kaɗai. Na taɓa ganin wannan, a cikin keji. Na ce zan aika a kira tabiba. Ya damƙe zanena da hannun hagu.

“Kar ki kira kowa. Kar Yaya shi ji.”

“Malam, mi ya same ka a hannu?”

“Na ce miki masassara ce.”

Na zauna kusa da shi ina jiƙa tsumma ina goga masa, jaririya a gefe tana kuka, ban san wanda zan fara dubawa ba. Yana nishi irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba. Sai washegari da hantsi jikin ya sake shi, ya sha kunu. Da ya miƙo hannu karɓar ƙoƙon na duba, ba kumburi ba komai, sai ɗan jan tabo a gefen babban yatsa, kamar na ƙaya. Ya ga na gani. Ya kwana biyu a gida, yawanci yana zaune yana kallon jaririyar, wadda duk tsawonta bai kai daga gwiwar hannunsa zuwa yatsu ba.

Na ɗauka shi ke nan, zai je ya gaya wa Yaya a fasa. Bai je ba. Daren arba'in ma na tambaye shi, ya ce gobe da safe za a yi kamar yadda aka saba. Na yi tunanin in goya ta in gudu, amma zuwa ina, a garin da duwatsu suka kewaye kuma kamyo sai an yi sa'a.

Da safe Yaya ya zo cikin farar riga, ya ce bari ya aika a kamo ta bayan rumfa. Mijina ya ce a'a.

“Ni ne uban ɗiya, Yaya. Ni ke kawowa. Haka Baba ya yi.”

Yaya ya dube shi, ya gyaɗa kai, kamar ma ya ji daɗi. Mijina ya fita, ya ɗan jima, ya dawo da ƙaramin ƙoƙo a rufe da faifai. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar katanga, maƙwabciyata ta kwantar da yarinyar tsirara. Yaya ya tsuguna a wajen kanta yana addu'a. Aka ce in matso. Na juya wa Yaya baya saboda kunya, na durƙusa, mijina ya ɗage faifan.

Babba ce, ta kwanta lamo a gindin ƙoƙon, wutsiyarta a sake. Idona ya cika da ruwa har ba na gani sosai. Na sunkuya, na matso da fuskata, sai na ga wani abu a gadon bayanta. An kankare shi da farce, amma bai fita duka ba. Ɗan farin fenti ne ya maƙale a cikin tsagar ɓawonta. Na ɗago na dubi mijina. Idonsa na kan ƙoƙon, gumi na bin gefen kunnensa. Ashe ɗakin tabiba ya je, ya ɗauko wadda aka tatse.

Yaya ya fara miƙo wuya yana cewa a yi sauri rana na yi. Na kama nonona na daidaita, na tatsa ɗigon a kan fentin daidai, na ƙara wani, har farin ya rufe farin. Mijina ya karkata ƙoƙon a kan cikin yarinyar, bai sa hannu ba. Kunamar ta sauka, ta tsaya a kan cibiya. Yarinyar ta motsa ƙafa. Sai ta ja jiki a hankali ta bi ta haƙarƙari ta sauka kan tabarma. Yaya ya ce alhamdu lillahi, ya shafa kan yarinyar, ya ce yau ta zama 'yar gida. Ni na shiga ɗaki na yi amai.

Da na koma aiki na gaya wa tabiba, ina tsammanin za ta yaba wa dabararsa. Sai ta ajiye abin da ke hannunta ta yi ta faɗa da Larabcin da ban gane rabinsa ba. Abin da na gane shi ne, tatsa ba ta ƙarar da dafi duka, kullum akwai saura, kuma sauran ma zai iya isar jaririya. Na zauna a ƙasa. Wannan ban taɓa gaya wa mijina ba. Da sanyi ya shigo tabiba ta tattara kwalabenta a akwatin ƙanƙara ta hau jirgi. Ta ce can za a ƙara tankaɗe su har a samu kowane shi kaɗai, a san yadda aka gina shi. Ban sake jin labarinta ba. Mijina ya kwashi sauran kunamun ya mayar da su Utul, ya nemi aikin ban ruwa a wani lambu a can.

Mutumin da ya dawo mini daga wannan shekara ba shi ne wanda na aura ba. Hantsakin ya bar wajen shayi ya koma aljihunsa. Kafin ya sa takalmi sai ya faki idon mutane ya zazzage shi. In Buzaye suka kira shi ya zo ya nuna musu abin da ya saba, sai ya ce yana sauri. A gaban Yaya dai yana nan ɗan'uwan kunama, yana amsa duk labaran gidansu da to. Ni da shi kuma ba mu taɓa ɗaga maganar farin ɗigon ba, ko a faɗa ko a wasa. Na samu abin da nake so, yarinyata tana raye, amma ina kallon mijina yana tafiya a tsakar gidansa yana duban ƙasa, abin yana ci mini rai.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne yarinyar za ta girma ta ji. Yaya yana sonta ƙwarai, don shi Allah bai ba shi haihuwa ba. Tun tana koyon magana yake ɗora ta a cinya yana gaya mata cewa tana da yaya mai wutsiya, sun sha nono ɗaya, ba za ta taɓa cutar da ita ba. In na ce mata kada ta sa hannu a rami, sai ta ce Baba Babba, wato Yaya, ya ce ba komai. Ba ni da bakin ƙaryata shi a gabanta, kuma in na ƙaryata, sai an tambaye ni dalili. Na riƙa share gidan nan safe da yamma, ina ɗaga kowace tukunya, ina toshe kowace kafa da laka, har maƙwabciyata ta ce ko aljanin shara ne ya kama ni.

Tana cikin shekara ta huɗu, wata safiyar Juma'a, Yaya ya zo shan shayi. Suna zaune a tabarma shi da mijina, ni ina bakin murhu. Yarinyar tana wasa a wajen randa, inda ƙasa ke da laima. Sai na ji ta tana magana da 'yar muryar da take yi wa 'yan awaki.

“Zo, yaya. Zo mana.”

Na waiwaya. Tana tsugune, ta shimfiɗa tafin hannunta a ƙasa. Kunamar ta fito daga ƙarƙashin randa, wutsiyarta a ɗage, tazararta da yatsun ba ta kai taki ɗaya ba. Na ji Yaya yana cewa a hankali, da murmushi a bakinsa, a bar su su gaisa.

Ban ga tashin mijina ba. Na dai ga kofin shayi ya kife, na gan shi a can, ya ture yarinyar da hannu ɗaya, ɗaya hannun da takalminsa. Ya buga, ya sake bugawa, ya ci gaba da bugawa bayan babu sauran abin bugu. Yarinyar ta faɗi zaune ta fashe da kuka. Na ruga na sure ta a gaban Yaya, na kira ta da sunanta, abin da ban taɓa yi ba, ina juya hannuwanta ina duba tsakanin yatsu. Babu komai.

Yaya ya miƙe tsaye. Ya daɗe yana kallon abin da ke ƙasa, sannan ya dubi ƙanensa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, “Tun yaushe?”

Mijina ya ce, “Tun kahin arba'in.”

Yaya ya zura takalmansa ba tare da ya zazzage ba, ya fita. Bai ƙara cin abincin gidanmu ba har muka bar garin.

Yarinyar tana kafaɗata tana shessheka, tana nuna ubanta da yatsa. “Baba ya kashe yayata. Inna, Baba ya kashe ta.”

Yana tsaye da takalmi ɗaya a hannu, ƙafa ɗaya a ƙasa. Na yi murna har cikin ƙashina, kuma na kasa dubansa saboda tausayi. Ya matso ya durƙusa daidai fuskarta.

Ya ce, “Awo, na kashe ta. Duk wadda kika gani, ki kira ni in kashe.”

Sannan ya laluba aljihu ya fito da hantsakin, ya tsince abin da ya rage nata ya zuba a ƙoƙo. Ya fita da shi bayan gida, na ji yana tona rami.